Yadda na tayar da tsohon Jincheng a tsakar gida da dan abin da ke aljihuna

Babur din na Baffana ne, tun watan Janairun 2013 da gwamnati ta hana acaba a Kano ya tura shi can kuryar zaure ya lullube da buhu, wai kafin a dage doka. Ba a dage ba, shi kuma ya koma sayar da hatsi, mashin ya zama wajen kwanan kaji. Sai da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kudin Adaidaita ya fara cinye min rabin abinda nake samu, naje na tambayi kudin sabon babur na dawo gida jiki a sanyaye, sannan na tuna da shi. Na samu Baffa nace Baffa wannan mashin din fa? Yace dauka, in ya tashi naka ne, in yaki tashi ka kira 'yan gwangwan mu raba kudin. Toh ya tashi, kuma yau shi nake hawa. Ni ba bakanike bane, shi yasa nake ganin duk wanda keda irinsa a zaure ko bayan daki zai iya bin hanyar da na bi.

Jincheng din da nake magana shine AX100, wanda kamfanin Jincheng na birnin Nanjing a China ya kera akan tsarin Suzuki AX100. Inji ne mai shan tuti, wato man 2T da ke konewa tare da fetur, 98cc, giya hudu, babu bawul babu sarkar taimin, shi yasa gyaransa baida wuya kamar na Boxer ko roba-roba. In naka irin wadancan ne mafi yawan abinda zan fada zai yi maka aiki, sai dai maganar tuti ka tsallake ta.

Abu daya nake so ka rike tun daga nan, kada ka sayi komai sai ka tabbatar da abinda ya mutu. Yawancin masu fara irin wannan aikin fenti suke fara yi da sabon sit da madubi, kudi ya kare, sannan a gano inji a kafe yake, sai kaga mashin yana sheki a zaure kamar amarya amma ko motsi baya yi. Ni littafi na samu na yara na makaranta, duk abinda na gani ya lalace sai in rubuta, ban taka kasuwa ba sai bayan sati biyu.

Kafin ka taba sifana ka fara da takarda. In gado ne ko kyauta ka nemi rasit din asali, ka duba lambar inji da lambar bodi ka gani ko sun yi daidai da abinda ke rubuce. Ta bodi tana wajen wuyan mashin inda kan yake juyawa, ta inji tana jikin injin, sai ka goge datti kafin ka ganta. In saye zaka yi wajen wanda baka sani ba kuma kaga an kankare lamba ko an yi walda a wajen, ka barshi komai arharsa, in ma zaka saya a yi da shaidu a rubuta. Kada ka gama zuba wahalarka wani yazo yace nasa ne da aka sace.

Sai wajen aiki. Ka samu inuwa inda iska ke shiga, nesa da murhu da gawayi da risho, don zaka yi ta'ammali da fetur, kuma ka gaya wa mutanen gida a hana yara zuwa. Ka shimfida buhu ko tsohuwar leda saboda in karamin noti ya fada cikin kasa sai dai hakuri. Kayan aiki basu da yawa, sifana mai lamba 8, 10, 12, 14, 17 da 19, sifanar fulogi, sukundireba mai baki daya da mai kuros, filaya, karamar guduma, sanfefa, tsohon buroshin hakori, kananzir kamar lita biyu, tsummokara, da gwangwanayen madara ko na tumatir da zaka rika zuba notina, kowane bangare da gwangwaninsa. Rabin wadannan aro nayi. Abu daya da nace ka nema ko da haya ne shine sukundireban nan da ake dukan bayansa da guduma, don sukurorin murfin inji in sun shekara goma basa kwancuwa da hannu, kana matsawa kan zai cinye ka shiga uku. Sannan wayarka, duk abinda zaka kwance ka dauki hotonsa tukuna, wallahi ranar mayarwa zaka gode min. Sukurorin murfin inji kuma tsawonsu ba daya bane, sai ka zana siffar murfin a kwali ka huda ka rika soka kowanne a gurbinsa.

Ka wanke shi da omo da ruwa amma ka toshe bakin salansa da wajen shan iska da leda. Wankin nan ba don kyau bane, don ka ga abinda datti ya boye ne, tsagewa a bodi, inda mai ke yoyo, wayar da bera ya ci. Nawa da na bude akwatin filta soson ya zama gari, bera ya yi sheka a ciki, zanzaro kuma ya gina daki a bakin salansa. Da na buga kik a haka duk wannan tarkacen cikin inji zai tafi.

Don haka kar ka yi saurin buga kik. Ka cire fulogi, ka zuba tuti kamar cokali daya ta ramin, ka barshi ya kwana, washegari ka danna kik da hannu a hankali. In ya tafi sumul kana jin iska na fita ta ramin, alhamdulillahi, rabin aiki ya kare. In yaki motsi toh fistan ya kama, kuma nan ne mutane ke barna, su hau kik da kafa da karfin tsiya su karya ringi ko su lalata hakoran kik. Ka hada kananzir da bakin mai ka cika ramin, ka barshi kwana uku ko hudu, kullum ka sa giya ta hudu ka rika jijjiga mashin gaba da baya a hankali, tayar baya ce zata rika tura fistan din. Nawa a kwana na biyar ya saki. In har sati ya wuce shiru sai ka kwance notina hudu na kan silinda ka daga hed, ka dora guntun katako akan fistan ka rika bugawa kadan kadan, katako fa, ba karfe ba.

Da ya fara juyawa sai ka gwada karfin matsi. Ka toshe ramin fulogi da babban yatsa ka sa wani ya buga kik, in iska ta ture yatsanka da karfi har tayi fus toh akwai kwamfureshan da zai tayar da inji, in kuwa kana iya rike ta ba wahala ka rubuta ringi a littafinka. Ka nisanta hular fulogi daga hannunka lokacin, in ba haka ba zaka sha jan wuta.

Wutar ce ma abu na gaba. Wadannan mashinan basa bukatar batir kafin su tashi, magneto, wato abin nan mai maganadisu da ke juyawa a gefen inji, shi ke bada wuta, don haka kar wani ya sa ka sayi batir yanzu. Ka sa fulogi a hularsa, ka jingina karfensa a jikin inji, ka kunna makulli ka buga kik a inuwa. Kana son ganin wuta shudiya mai kara tas tas. In ja ce mai rauni ko babu gaba daya, ka fara da mai arha, sabon fulogi, ka tafi da tsohon a baka irinsa, tazarar bakinsa kamar 0.6 zuwa 0.7 na milimita. In shiru, ka murza hular ta fita daga waya ka yanke kan wayar kadan ka mayar, sau da yawa tsatsa ce a wajen. In shiru, ka bi duk inda waya ta hadu da waya ka goge da sanfefa, musamman wayar da aka daure a jikin bodi. Makulli ma yana hana wuta in cikinsa ya yi tsatsa, sai ka zare soket dinsa ka sake gwadawa. Sai duk wadannan sun wuce sannan zaka zargi koyil ko CDI, wato dan akwatin da ke sarrafa wutar fulogi, kuma ko su kar ka saya da ka, ka samu mai irin mashin din ka roki ya ara maka nasa na minti biyar ka jona ka gani. Ni nawa duk surutun da aka yi min na cewa koyil ya kone, ashe bera ne ya cinye waya daya a karkashin tanki.

Yanzu bangaren mai, inda nafi dadewa kuma inda yawancin tsofaffin mashina ke makalewa. Fetur in ya dade yana bushewa ya bar wani danko mai wari kamar fenti, tanki kuma in ba a cike yake ba yana tsatsa daga ciki. Ka cire tankin, ka juye abinda ke ciki a galan kar ka zubar a kwata, ka kwance famfon mai na kasa, ka haska ciki da tocila, tocila nace ba ashana ba. In tsatsar sama sama ce ka zuba notina da kananan kusoshi kamar cikin hannu biyu, ka kirga su kafin ka zuba don ka tabbatar duk sun fito, ka kara kananzir ka toshe ka yi ta girgizawa kamar kana kada nono, ka huta ka sake. In tayi yawa sai ka cika shi da binega ya kwana daya ko biyu, ruwan tsami ne yana cin tsatsa. Bayan ka juye ka dauraye da ruwa sosai, sannan ka dauraye da ruwan kanwa don ta kashe tsamin da ya rage, ka sake daurayewa ka kife shi a rana ya bushe kau. Da ya bushe kar ka jira gobe, tsatsa na dawowa nan da nan, ka zuba fetur kadan da tuti ka juya ya shafe ko'ina. In ka ga tanki na yoyo ta karamin rami akwai gam mai hadi biyu da ake cakudawa, yana rikewa in ka goge wajen da kyau. Maganar walda kuwa, tankin da ya taba shan fetur ko ya shekara a bushe yana iya fashewa, ba aikin gida bane, ka kai wa mai waldar da ya saba yin tanki ko ka nemi na gwanjo.

Famfon mai ka bude shi ka wanke 'yar ragar da ke ciki, ka canza tiyon mai don tsohon ya kangare, kuma ka sa karamar filtar nan ta roba a tsakanin tanki da kafireto. Kudinta bai kai na kwanon abinci ba amma ita zata hana ka kwance kafireto duk sati.

Kafireto kuma kar ya baka tsoro, bai fi kofin shayi girma ba. Ka murza murfin sama ka zaro silaid da allurarsa, ka sassauta abinda ya rike shi ka fito da shi. Ka kwance kwanon kasa, zaka ga fulot, wato abinda ke yawo akan mai, da 'yar allurar da ke tsayar da mai in ya cika, da jet guda biyu na tagulla, babba da karami. Kafin ka cire sukurun iska na gefe, ka daura shi ciki a hankali kana kirga zagaye nawa yayi kafin ya tsaya, ka rubuta, haka zaka mayar da shi. In wani ya riga ya dagula, ka fara daga zagaye daya da rabi. Ka jika karafan a fetur ko tina, wato ruwan da ake sirka fenti da shi, su kwana, banda roba, tina na cinye roba. Karamin jet din shine mugun, raminsa kamar gashi yake, in ya toshe mashin ba zai tsaya a silo ba, wato ya rika aiki ba a murda totur ba, sai da cok. Ka zaro silin waya daya daga cikin tsohuwar wayar lantarki ka zura a hankali, kar ka sa allura ko kusa, in ka fadada ramin mashin zai rika shan mai kamar rakumi kuma ba gyara sai sabo. Ka daga shi a rana, in kaga haske zarr ta ciki ya fita. Ka busa duk ramukan jikin kafireton da famfon keke. Fulot din ka girgiza a kunne, in kaji ruwa a ciki ya huje. Ka duba robar da ta hada kafireto da inji, in ta tsattsage ka canza, don iskar da ke shiga ta nan tana sa inji zafi har ya kama. Soson filta sabo zaka sa, ka diga masa bakin mai ka matse, da kurar da muke da ita musamman lokacin hunturu mashin da ba filta ba zai shekara ba.

Toh maganar tuti. Asalin mashin din yana da tankin tuti daban da famfon da ke tura shi cikin inji, amma da yawa 'yan acaba sun cire sun koma hadawa a tanki. In naka yana nan kuma kana son amfani da shi sai an fitar da iskar da ke cikin tiyon an tabbatar yana turawa. Ni shawarata ko famfon na nan, tankin farko ka hada da hannu, kamar mililita 30 na tuti a kowace lita daya ta fetur, sirinji na kemis ya isa awo. Gara hayaki ya dan yi yawa da inji ya tashi a bushe. Kuma tuti na gaske, ba bakin man mota ba, ba wanda aka juye daga janareta ba. Man giya shi daban ne, ka kwance notin kasa ka juye tsohon, ka duba ko akwai garin karfe ko ya koma fari kamar koko alamar ruwa ya shiga, ka zuba sabo irin na babur, adadin bai kai lita ba kuma yawanci an rubuta shi a jikin murfin kusa da inda ake zubawa.

Ranar tayarwa ka fito da shi waje, ka kafa shi akan jaki, ka bude mai, ka ja cok, ka buga. Nawa a bugu na goma sha wani abu yayi tari, sannan ya kama da wani hayaki da ya sa makwabta lekowa, wannan man da na jika fistan ne ke konewa, yana wucewa. Kar ka murda totur, ka barshi yayi zafi a hankali kana saurare. Ka sani kuma kuloci na mannewa in mashin ya dade, kana sa giya zai yi tsalle ya mutu ko da ka rike hannun kulocin. Ka kashe shi, ka sa giya, ka rike kuloci ka yi ta tura shi gaba da baya har ya saki, in yaki sai an bude murfin dama an raba faifan daya bayan daya an jika su a mai.

In ya tashi ka lura da abu biyu. Idan silo na hawa da kansa yaki sauka, ko kuma hayaki fari mai kauri yaki karewa kuma man giya na raguwa, toh oyil sil na kiranshaf, wato robobin da ke gefe biyu na inji masu hana iska da mai shiga, su ne suka bushe, ciwon duk injin tuti da ya dade a ajiye kenan. Su kansu basu da tsada amma cire magneto na bukatar abin zarowa na musamman, wannan na kai wa bakanike, na saya da kaina na zauna a gabansa ya sa. Idan kuma yana tashi lafiya amma baya ja, kamar an rike shi ta baya, ka zargi salansa, dattin tuti na toshe ta. Ka cire ka zaro bututun da ke cikinta ta baya, ka kai wa mai walda ya gasa ta da wuta ka bubbuga gawayin ya zube, ka kuma kankare bakin silinda inda hayaki ke fita da guntun katako.

In littafinka ya ce ringi, ka daga silinda ka duba. Da ka daga ka cusa tsumma mai tsabta a ramin kasa, don in kilif din fin din da ke rike fistan ya fada ciki sai an raba inji biyu. Ka shafa farce a cikin silinda, in ba zane mai kama farce ringi kadai ya isa, in akwai sai an kai borin an fadada silindar an sa fistan na gaba da shi, 0.25 ko 0.50, kuma ka sayi fistan din tukuna ka kai tare don da shi mai borin zai auna. Ka kama sandar fistan ka ja sama da kasa, motsin gefe kadan ba komai, amma in tana motsi sama da kasa aikin ya wuce tsakar gida. Wajen mayarwa kibiyar da ke kan fistan tana kallon salansa, bakin kowane ringi ya zauna akan dan kusan da ke cikin ramin, kilif sabo, fakin da ake shimfidawa tsakanin karafa don hana yoyo shi ma sabo, ka shafe komai da tuti, ka daure notinan hed a gicciye kadan kadan. Bayan nan kamar kilomita 500 na farko ba gudu ba daukar buhu.

Inji na aiki sai zumudi ya kama ka, kana so ka fita titi. Dakata malam, mashin da ke tashi amma baya tsayawa yafi wanda baya tashi hadari. Ka cire tayoyin biyu ka bude birki, kar ka busa kurar ciki da baki, tsofaffin birki kurarsu na illa ga huhu, ka goge da jikakken tsumma. Takalmin birkin da ya shekara goma ko da kauri ka canza, don gam din da ya rike fatar yana sakewa, in ta balle a guje taya kullewa take. Ka goge cikin dram da sanfefa, ka sa giris dan kadan a sandar da ke bude birkin kar ya taba fatar. Wayar birkin gaba da ta kuloci in ko sili daya ya tsinke sabuwa, in lafiya suke ka rataye su ka rika diga mai har ya fito ta kasa. Boris na taya ka juya da yatsa, in kaji gurr gurr ka canza, lambarsa na rubuce a jikinsa. Sifok, wato wayoyin taya, ka bi su da sifana kana kwankwasawa, mai kara tin lafiya, mai kara dum ya saki. Ka daga gaban mashin ka juya kai hagu da dama, in yana makalewa a tsakiya boris din wuya na son giris ko canji.

Taya kuwa nan ne kudi ke tafiya kuma nan ne ban yarda a yi rowa ba. Tayar da ta tsattsage a gefe ta gama, ko da zanenta na nan kamar sabuwa. In kudin bai kai biyu ba ka fara da ta gaba, tub kuma duka sabo. Girman na rubuce a gefen tsohuwar, in kuma ka ga lamba hudu a dan zagaye, biyun farko sati ne biyun karshe shekarar da aka yi ta, ka duba kar a baka wadda ta tsufa a shago. Sarka ka jika ta a kananzir ka wanke, in ka ja ta daga bayan siroket ta daga har kana ganin rabin hakori, ko hakoran sun yi tsini sun kwanta, ka canza su tare gaba daya, sabuwar sarka akan tsohon siroket asarar kudi ce. Ka bar mata sassauci kamar fadin yatsa daya da rabi a tsakiya, makullin sarkar kuma rufaffen bakinsa ya kalli inda take tafiya.

Wayarin ba sai ka canza duka ba, ka bi inda ya goge ka hada ka nade da tef. Ka duba tsohon batir ko kwan fitila ka gani 6 ne ko 12 kafin ka sayi wani, don akwai kowanne. Fitilar gaba, jar wutar birki da hon, wadannan dole, sauran a hankali.

Kasuwa kuma sau daya naje da littafina da buhun tsofaffin kayan, don in kace a baka na Jincheng kawai za a iya baka wanda bai hau ba, amma in ka ajiye tsohon akan tebur magana ta kare. A Kano Kofar Ruwa akwai na gwanjo, mutanen Kaduna kuma suna da Panteka. Abinda karfe ne zalla, murfin gefe, madgad, kariya, jaki, hannun birki, har tanki da salansa, na gwanjo ya fi, sau da yawa tsohon karfen yafi sabon na yanzu kauri. Abinda roba ne ko mai cinyewa, sil, fakin, ringi, birki, tub, boris, fulogi, sabo kawai. In mai shago yace akwai mai kyau akwai mai sauki, a ringi da sil da boris ka dauki mai kyau, a madubi da robar kafa ka dauki mai sauki ba ruwanka. Ka tafi da wanda ya taba acaba in kana da shi, sun san kaya a hannu tun kafin a bude kwali.

Sai a karshe kwalliya, in da saura. Kurom din da yayi tsatsa ka dunkule takardar nan mai kyalli ta nade abinci ka tsoma a ruwa ka goga, zaka sha mamaki. Bodi ka goge tsatsa da sanfefa ka shafa jan fenti na hana tsatsa sannan baki, ko da buroshi ne. Tanki in zaka fesa na gwangwani ka yi da safe kafin iska ta taso, shafi sirara sau uku yafi mai kauri sau daya, amma ka sani fetur na cinye irin wannan fentin in ya zuba, sai kana lura a gidan mai. Sit kar ka sayi sabo, masu dinkin kujera zasu kara soso su ja sabuwar leda. Ka sabunta takardu da lamba, ka nemi hular kwano.

Satin farko unguwa kawai na rika zagayawa da sifana 10 da 12 a aljihu, kullum na dawo sai na bi notina na kara daurewa don girgiza na kwance su, na kuma cire fulogi in duba kalarsa. In yayi kalar shayi da madara daidai ne, in baki ne mai danshi mai ko tuti yayi yawa, in fari fat ne ka tsaya, iska na shiga ta wani wajen ko jet bai fita ba. Nawa baki ya rika yi, sai da na sauke allurar silaid da gurbi daya ya daidaita. Har yanzu agogon gudu baya aiki kuma tankin na nan da tsohon fentinsa ja da ya kode, kudin ya kare a taya. Baffa da ya ji karar ranar farko fitowa yayi ba takalmi, ya zagaya shi sau biyu yace kai yaro ashe da rabon zai kuma shan iska, yanzu duk Juma'a shi ke karbar makulli ya tafi masallaci, ya dawo min da shi tanki a rizab.